M13/40: Tankar Yaƙin Italiya da Ta Yi Fama a Hamadar Libiya

M13/40 tankar yaƙi ce da Italiya ta fi dogara da ita a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a Libiya da Masar tsakanin 1940 da 1942. Sunan nata bayani ne a kanta: harafin M daga kalmar Italiyanci yake mai nufin matsakaiciya, 13 nauyin da aka tsara mata ne a tan, 40 kuma shekarar da aka fara ƙera ta. Da aka gama ta, nauyin ya kusa tan 14. A ma'aunin Italiya ne kawai take matsakaiciya, domin Sherman ta Amurka, wadda ita ma ake kira haka, ta kai tan 30.

Kamfanin Ansaldo na birnin Genoa ne ya ƙera jikinta, Fiat kuma ya samar da inji. Ta gaji M11/39, wadda aka dasa babbar bindigarta a cikin gangar jiki, ta yadda idan abokin gaba ya ɓullo ta gefe sai an karkata tankar dungurungum kafin a yi harbi. A M13/40 an gyara wannan, aka mai da igwa mai bakin milimita 47 cikin ɗakin sama mai juyawa. Akwai kuma bindigogi masu sarrafa kansu ƙirar Breda: biyu a gaba, ɗaya kusa da igwar, wani lokaci da ta huɗu a kan rufi saboda jiragen sama. Mutum huɗu ne ke ciki: direba da mai bindigogin gaba a ƙasa, kwamanda da mai ɗura harsashi a sama. Kwamandan shi ne kuma mai saiti da harbi, don haka idan ido na kan saiti babu mai duba abin da ke faruwa a fili.

Igwar ba ta da laifi a 1940, tana huda yawancin tankokin Birtaniya masu saurin gudu, ko da yake Matilda mai sulken milimita 78 ta gagare ta. Matsalar tana jiki ne. Kaurin ƙarfen gaba milimita 30 ne, na gefe 25, kuma ba walda aka yi ba, faranti-faranti ne aka ɗaure da noti a kan firam. Ƙarfen yana da saurin tsagewa, kuma idan harsashi ya doki farantin, kawunan notin kan fizge su raunata waɗanda ke ciki. Injin dizal ne mai ƙarfin doki 125. Dizal ba ya saurin kama wuta kamar fetur kuma yana kai ta kimanin kilomita 200, amma ƙarfin ya yi wa nauyinta kaɗan: da ƙyar take wuce kilomita 30 a awa a kan titi, a rairayi kuwa abin ya fi muni. Na farko-farkon ba su da matatar da za ta tare yashi, da yawa kuma ba su da rediyo, sai da tuta ake ba da umarni. Shugabannin sojan Italiya yaƙin duwatsun arewacin ƙasarsu suka hango lokacin tsara ta, ba Sahara ba.

A Beda Fomm, kudu da Bengazi, daga 5 zuwa 7 ga Fabrairun 1941, an riƙa tura su rukuni-rukuni cikin tarkon Birtaniya, aka yi asarar kimanin 100. Kafin nan ma sojojin Ostireliya sun kama wasu, suka zana musu farar dabbar kangaru a jiki don kada 'yan'uwansu su harbe su, suka shiga da su yaƙin Tobruk.

A hannun runduna mai horo kuwa labarin ya bambanta. Ranar 19 ga Nuwamban 1941, a Bir el Gubi, rundunar Ariete ta haɗa tankokin da manyan bindigogi da sojan ƙasa ta kora harin tankokin Crusader na Birtaniya, ta yi musu mummunar ɓarna. Amma ranar 27 ga Mayun 1942, da ta auka wa sansanin Bir Hakeim, nakiyoyi da igwogin milimita 75 na dakarun Faransa masu biyayya ga Janar de Gaulle sun lalata mata kusan tankoki 30 cikin safiya ɗaya. Cikin masu tsaron sansanin a ƙarƙashin Janar Koenig akwai bataliyar sojojin Afirka daga Ubangi-Shari, wato Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta yau.

An ƙera M13/40 sama da 700 kafin a koma M14/41, mai ƙarfin doki 145 da matatar yashi, sannan M15/42 mai injin fetur. Gyaran bai cim ma zamani ba. Da Grant da Sherman suka iso da igwar milimita 75, suna harbin tankokin Italiya daga nisan da ba za su iya ramawa ba, kuma ranar 4 ga Nuwamban 1942 aka kusa shafe Ariete a El Alamein tana kare janyewar dakarun Rommel. Abin da ya fi amfani daga wannan ƙira shi ne Semovente 75/18: an cire ɗakin sama, aka dasa igwar milimita 75 a kan gindin tankar. Bayan Italiya ta ajiye makami a Satumban 1943, Jamusawa sun ƙwace masana'antun suka ci gaba da ƙera ta don amfanin kansu.