Riƙon yara da duka: abin da dokar Nijar ta tanada

A ƙaramar hukumar Dogo-Dogo, wadda ke cikin gundumar Dungas tun da aka cire ta daga Magaria a 2011, riƙo tsohuwar al'ada ce, kamar yadda yake a sauran jihar Damagaram. Ana ba goggo ko kaka yaro, ana tura yarinya gidan yayarta a birni, ana danƙa wa malam almajiri, wani lokaci har ƙetaren iyaka zuwa Jigawa ko Kano. Galibi ba a rubuta takarda, ba a neman lasisi; amana ce tsakanin dangi. Riƙon da hukuma ta san da shi daban ne: alƙalin ƙananan yara ne ke ba wani gida ko wata cibiya yaron da ke cikin haɗari. An kafa kotunan yara a 1999, kuma dokar 2014 ta sabunta tsarinsu.

Shin mai riƙo yana da ikon dukan yaro? A nan ne dokar ke da giɓi. Kundin hukunta laifuka na 1961, wanda aka yi wa kwaskwarima a 2003, ya tanadi ɗauri ga wanda ya doki ko ya raunata yaron da bai kai shekara 13 ba, ko ya hana shi abinci da kulawa har lafiyarsa ta taɓu. Idan mai laifin uba ne ko uwa ko wanda yaron ke hannunsa, hukuncin ya fi tsanani. Wato riƙo ba ya zama kariya gare shi, ƙara masa nauyi yake yi. Sai dai babu ayar da ta haramta dukan "tarbiyya" kai tsaye a gida ko a gidan riƙo. A makarantun boko ma, wata takardar umurni ta ma'aikatar ilimi ce ta 1981 ta hana bulala, ba doka ba. Togo ta haramta duka a ko'ina a 2007, Benin ta bi sahu a 2015. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, amma ba ta kai nan ba.

Cutar da 'yar riƙo ba duka kaɗai ba ce. Akwai talla tun asuba, da cire ta daga makaranta alhali 'ya'yan gida suna zuwa. Idan abin ya kai ga tura yaro bara ko aikatau don wani ya ci kuɗin, dokar hana safarar mutane ta 2010 tana iya hawa kan mai riƙon.

Wanda ya ga tabo a jikin yaro zai iya sanar da mai gari, ko jandarma, ko ma'aikatan kare haƙƙin yara na gunduma. Takardar likita daga asibiti tana ƙarfafa ƙara, domin shatin bulala kan baje kafin a kai gaban alƙali.