Yadda Aka Gano Bakteriyar da Ke Narkar da Fosfet a Ƙasa Mai Gishiri

Fosfaras na cikin abinci uku da shuka ta fi buƙata, amma yawancin wanda ke cikin ƙasa ba ya amfanar ta. A ƙasa mai gishiri ko kanwa, fosfet, wato sinadarin da ke ɗauke da fosfaras, kan haɗu da kalsiyam ya daskare, har saiwa ta kasa zuƙarsa. Ko takin supa aka zuba, kaso mai yawa nan yake maƙalewa.

A 1948 masanin ƙasar Holan, Gerretsen, ya nuna cewa ƙananan halittun da ke kewaye da saiwa suna taimaka wa shuka samun fosfaras. A shekarar ce kuma Pikovskaya ta Tarayyar Sobiyat ta fito da gwajin da har yau ake amfani da shi. Ana cakuɗa garin fosfet a cikin abincin renon bakteriya, sai farantin ya yi fari kamar kunun kanwa. Duk ƙwayar da ke iya narkar da shi, bayan 'yan kwanaki za a ga wata da'ira garai ta kewaye ta. Daga baya aka fahimci sirrin: tana fitar da asid, musamman gulukonik, wanda ke kwance fosfet daga kalsiyam.

Sobiyat ta yi saurin kai abin gona. A shekarun 1950 ta rarraba wa manoma bakteriyar Bacillus megaterium da sunan fosfobakterin. Da aka gwada shi a Amurka, ƙarin amfanin bai taka kara ya karya ba. Ƙwayar da ta yi bajinta a faranti ba lallai ta rayu cikin zafi, fari da gishirin gona ba.

An yi bincike kan wannan matsala a Indiya, inda filayen kanwa suke da yawa a jihar Uttar Pradesh. A 1999 Nautiyal, na cibiyar binciken tsirrai ta Lucknow, ya inganta gwajin, sannan a 2000 shi da abokan aikinsa suka ba da rahoton bakteriyar da suka tono daga irin wannan ƙasa, masu ci gaba da narkar da fosfet duk da gishiri da zafi. Dabarar mai kyau ce: a nemo ma'aikaciyar a inda ta saba da wahalar.

Batun ya shafi Sakkwato da Tawa, inda ake da dutsen fosfet mai jinkirin narkewa. Sai dai bakteriyar ba ta ƙirƙirar fosfaras. Wanda ke ƙasa kawai take kwancewa, don haka ba ta maye gurbin taki.