Rayfield: Daga Wayar Tangaraho Zuwa Kiran Intanet

Kuza ce ta kafa unguwar Rayfield da ke Jos. A farkon ƙarni na 20, da kamfanin Neja ya tabbatar akwai ma'adinin jibge a ƙasar Birom, sai Turawa suka yi ta kwararowa tsaunukan Jos. Zuwa 1913 har sun buɗe filin wasan golf a Rayfield, a 1914 kuma ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukuru. Daga baya kamfanin ATMN, wanda ya haɗiye ƙananan kamfanoni da dama, ya kafa ofisoshi da gidajen manyan ma'aikatansa a yankin.

A Filato ake haƙar kuzar, amma a kasuwar ƙarafa ta Landan ake yanka mata farashi. Don haka wanda ya riga jin labari shi ke cin kasuwa. Tun 1886 wayar ƙarƙashin teku ta haɗa Legas da Ingila, kuma ta tangaraho manajoji ke sanin ko farashi ya hau ko ya faɗi, a ƙaro lebura ko a sallame su. Kalma-kalma ake biyan kuɗin saƙo, shi ya sa akawu kan matse magana iya matsewa. Leburan da ke wanke ƙasa a bakin kududdufi kuwa, sai ranar biya yake ganin hukuncin Landan a tafin hannunsa.

Samun 'yancin kai bai sauya lamarin da wuri ba. A 1960 layukan wayar ƙasar nan kaf ba su kai 20,000 ba. A 1985 aka kafa kamfanin waya na NITEL, a watan Oktoban shekarar kuma kasuwar kuza ta duniya ta durƙushe, harkar manyan kamfanoni ta ƙarasa mutuwa. Rayfield ta rikiɗe ta zama unguwar manya da ofisoshin gwamnati, amma wayar girke mai lambar Jos, wato 073, ta ci gaba da zama kayan gata. Mai neman layi zai cike takardu ya jira watanni, wani ma shekaru. Har zuwa 2000 layukan ba su wuce rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 100. Dillalin dankalin turawa ko kabeji sai ya bi layi a shagon buga waya, ko ya ba direban babbar mota saƙo zuwa Legas.

A Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, a Agusta MTN da Econet suka fara aiki. A lokacin minti ɗaya naira 50 ne, ko da gaisuwa kaɗai aka yi, sai a 2003 Glo ta zo da lissafin daƙiƙa. A zamanin ne matasa suka kafa lema da tebur a bakin titi suna sayar da kira, filashin kuma ya zama dabarar mai ƙaramin jari.

Kiran ƙasar waje ne ya ci gaba da ƙona aljihu, kuma ta nan intanet ta shigo. Kamfanin VocalTec ya fitar da manhajar kira ta intanet a 1995, Skype ta biyo baya a 2003. Dabarar ita ce a daddatsa murya ƙanana-ƙanana, a tura ta tare da sauran bayanai, a harhaɗa a wancan gefen. Ba a keɓe wa mai kira layi, saboda haka nisa ya daina shiga lissafi. Shagunan intanet masu faifan tauraron ɗan'adam suka riƙa sayar da kiran Ingila da Amurka da rahusa, ko da yake murya kan makara ko ta sarƙe.

Wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 da suka fara aiki a 2010 sun sassauta tsadar data. WhatsApp ta ƙara kiran murya a 2015, ta fitar da manhajar 'yan kasuwa a 2018, annobar korona ta 2020 kuma ta tura tarurrukan ofis zuwa Zoom. Yau otal ko ofishi a Rayfield na iya riƙe lamba ɗaya da ke kaɗawa a wayoyin ma'aikata da dama ba tare da an ja ko igiya ɗaya ba. Mai kayan gwari a kasuwar Farin Gada ta Jos na nuna wa abokin cinikinsa na Fatakwal buhunan ta bidiyo kafin a yi lodi, mai sayen kuza kuma na duba farashin Landan da kansa.

Tsarin na da nasa sharuɗɗan. Idan wuta ta ɗauke ko sabis ya yi rauni, ciniki ya tsaya. 'Yan damfara ma na fakewa da shi su ɓoye lambarsu ta gaskiya. Kuɗin da a da ake kashewa kan minti, yanzu a data da man janareta da sola yake tafiya, kuma a Janairun 2025 NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashin kira da data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba.