Jan-ƙafa

jan-ƙafa (suna, namiji). 1. Tafiyar majinyaci ko gajiyayye. 2. Ɗage aikin da lokacinsa ya yi babu uzuri, kullum "sai gobe". Ya fi jinkiri muni, domin jinkiri kan zo da dalili. Misali: "Ya sare rake a Makarfi, ya yi jan-ƙafa wurin matsewa, ruwan ya yi tsami, mazarƙwaila ta lalace." Tumatirin Kudan da Ikara ma ba ya jira, a kwando yake ruɓewa. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Maganin jan-ƙafa a ofis: a rubuta ayyukan gobe tun yau, da safe a fara da mafi nauyi. Kishiya: himma, zafin nama.