Daga Bakin Wuta Zuwa Ashana: Tarihin Kunna Lofe

Taba ganye ce kurum, sai ta gamu da wuta ta ke zama abin sha. Saboda haka tarihin lofe ba ya rabuwa da tarihin yadda ɗan Adam ya ke samun wuta sa'ad da ya bukace ta. Tun ran da Turawa suka san taba, abu biyu mashayi ya ke nema ga wutar kunnawa, watau ta samu da sauƙi, kuma kada ta ɓata ɗanɗanon ganyen. An yi shekara fiye da 400 ana fama a haɗa biyun nan, sauƙin da aka samu kuwa ba a banza ya zo ba.

Cikin watan Nuwamba na 1492 Kolumbus ya aiki mutum biyu, Rodrigo de Jerez da Luis de Torres, su shiga tsibirin Kyuba su gano masa labarin ƙasar. Da suka komo suka ce sun ga maza da mata suna tafe da bakin wuta a hannu, da waɗansu ganyaye da su ke shan hayaƙinsu. Wannan shi ne kakan tabar naɗi, watau ganyen taba zalla da a ke nannaɗewa ya yi kaurin babban yatsa, ba irin sigarin takarda ba. Mafarin abin kunna taba ke nan, itace mai ci da wuta, wanda tilas a yi ta riƙonsa kada ya mutu.

Wajen ƙarshen ƙarni na 16 taba ta zama ruwan dare a Ingila, ana shanta cikin ƙaramin lofe na yumɓu. A lokacin nan murhu shi ne madogara. Maƙera suka ƙera wani siririn awartaki na musamman, wanda mutum zai ɗauko garwashi da shi ya ɗora bisa tabar. A Holan kuwa a kan ajiye ɗan kaskon garwashi bisa tebur a gidajen baƙi, kowa ya kusanto da lofensa ya kunna. Waɗansu kuma su kan fere tsinkayen itace, ko su murɗe takarda, su tara kusa da murhu, in bukata ta taso a ɗosana ɗaya a wuta.

Wanda ya yi nisa da murhu ba shi da dabara sai ƙyastu. Bature ya kan riƙe ɗan akwati mai ƙarfe da ƙanƙara da ƙonannen tsumma, ya yi ta bugawa har tartsatsi ya kama tsumman, sa'an nan ya ɗosana tsinke mai farar wuta a kai don ya sami harshen wuta. Matafiyan ƙasar Hausa ma sun san wannan aiki, da auduga su ke tarbar tartsatsin. In akwai iska ko laima, sai mai haƙuri. Don haka shan lofe a zamanin nan aikin zaune ne, sai an sauke kaya an natsu.

Masana suka dinga neman hanyar da ta fi wannan. Cikin 1805 Jean Chancel ya fito da waɗansu tsinkaye a birnin Faris, waɗanda ba su kamawa sai an tsoma kansu cikin kwalbar ruwa mai cin jiki, irin wanda a ke zubawa a batirin mota. Cikin 1823 wani malamin Jamus, Johann Döbereiner, ya haɗa tulun gilashi inda ruwan nan ya ke cin tutiya, wata iska ta tashi ta bugi ƙarfen filatinam ta kama wuta. Aka saye shi ƙwarai a gidajen masu hali, amma abin tebur ne, ba mai iya sa shi aljihu.

Ashanar ƙyastawa ta fito daga hannun John Walker, wani mai haɗa magunguna a garin Stockton ta Ingila. Cikin 1826 ya gane haɗin da ke kamawa in an goga shi, ran 7 ga Afrilu 1827 ya rubuta cinikinsa na farko. Tsinke 100 sule guda, kwanon zubawa kwabo biyu, a kan fizgi tsinken ta tsakanin takarda mai kaushi. Bai yi rajistar dabarar da sunansa ba, nan da nan waɗansu suka kwaikwaya a Landan. Amma ashanar farko tana feshin tartsatsi, ga warin farar wuta mai shiga taba. Domin masu sha a waje kuma aka yi wata mai babban kai, wadda ke ci kamar garwashi, iska ba ta kashe ta.

Wajen 1830 wani saurayi Bafaranshe, Charles Sauria, ya sa farin fosfaras cikin haɗin, ashana ta zama mai kamawa ko ina aka goga ta. To, kowane allazi da nasa amanu. Tururin fosfaras ɗin nan ya kan shiga ta ruɓaɓɓen haƙorin ma'aikaci ya ci ƙashin muƙamuƙi, har sai an yanke ƙashin, wani kuwa ya mutu. Galibin masu aikin matalauta ne, mata da yara. Magani ya samu tun 1844, sa'ad da Gustaf Pasch na Suwidin ya raba haɗin biyu, ya sa jan fosfaras marar dafi a jikin akwati maimakon kan tsinke, 'yan'uwan nan Lundström na Jönköping suka kyautata dabarar suka kai ta kasuwa. Amma da ya ke farin ya fi araha, masu masana'antu suka ƙi sakinsa. Cikin Yuli 1888 mata kamar 1,400 na kamfanin Bryant and May a Landan suka yi yajin aiki saboda ƙarancin lada da yawan tara, duniya ta ji halin da su ke ciki. Cikin 1906 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar hana farin fosfaras a birnin Bern, dokar Ingila kuwa ta fara aiki cikin 1910.

Ashana ta iso ƙasar Hausa cikin kayan fatauci daga bakin teku, sunanta ma daga Yarbanci aka aro shi. Ƙyastu ya ɓace, amma ya bar kalmarsa, gama har yanzu ƙyasta ashana a ke yi.

Bayan ashana sai laita. Cikin 1903 Carl Auer von Welsbach na Ostiriya ya haɗa wani ƙarfe mai zubar da tartsatsi da an karce shi, shi ne ɗan dutsen da ke cikin laita. Watau ƙyastu ne ya komo cikin sabuwar riga. Cikin 1933 aka fara yin Zippo a Amurka, mai lagwani da mai irin na fetur, wadda ke jure iska. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mai gas ta fito, cikin 1973 kuma kamfanin Bic ya fito da wadda a ke yarwa in ta ƙare.

Duk da wannan yalwa, gwanayen lofe da tabar naɗi ba su ɗauki kowace wuta ɗaya ba. Lofe wuta ƙasa ya ke so a jawo masa, kuma sau biyu a ke kunna shi: a babbake saman tabar, a danne, sa'an nan a sake kunnawa. Yawancin lofen Turai na saiwar itace ne, saboda haka laita mai hura wuta kamar zugazugi ta kan ƙone masa baki. Tabar naɗi kuwa gasa bakinta a ke yi a hankali ana juyawa, ba a tsoma ta cikin harshen wuta. Man laita da kyandir suna sa mata wari, gas kuwa ba ya sa wa. Mai ashana ya kan dakata kan ya cinye tukuna, kana ya kusanto da ita. Abin da suka fi girmamawa duka shi ne tsinken itacen sida, irin wanda a ke shimfiɗawa cikin akwatin tabar. Da tsohuwar zuma a ke magani, sun kewayo sun komo ga tsinken bakin murhu.

Amma babban abin da sauƙin wuta ya haifar ba ga lofe ya tsaya ba. Cikin 1881 James Bonsack ya yi rajistar injin naɗe sigari a Amurka. Sigari mai araha ya gamu da ashana mai araha, abin da dā a ke yi a zaune ya zama na kan hanya da wurin aiki, safe da yamma. Cikin 1950 masu bincike Richard Doll da Bradford Hill suka nuna dangantakar shan taba da sankarar huhu, cikin 1964 kuma rahoton Babban Likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar da haka, ya kuma ɗora wa lofe alhakin sankarar leɓe. Zaɓen wuta yana gyara ɗanɗano, yana tsare bakin lofe, amma ba a taɓa ƙera abin kunnawa da ya rage wa hayaƙin dafinsa ba.