Kafanchan da Aikin Kai Amana Cikin Marka

A garuruwan bakin teku akwai wata sana'a da ba a cika jin labarinta a ƙasar Hausa ba. Attajiri ya sayi jirgin ruwa mai inji a wata tasha, sai ya ɗauki matuƙi haya ya kai masa shi wata tashar mai nisa. Jirgin ba na matuƙin ba ne, ranar isa ma ba shi ya yanka ba, amma in igiyar ruwa ta tashi, ransa ne a ciki tare da dukiyar wani. Masu wannan aiki sun san cewa rabin ladan matuƙi na tuƙi ne, ɗaya rabin kuwa na sanin ranar da zai ƙi fita ne, ko da mai jirgi yana ta aiko da saƙo. Kudancin Kaduna ba ta da teku, amma ina ganin garin Kafanchan a kan irin wannan sana'a ya ginu. An saba ba da tarihinsa kamar ƙarfe ne ya zo ya yi galaba a kan daji da damina. Abin da shaidu ke nunawa daban ne: ruwa ne ya tsara aikin tun daga farko, kuma layin dogo ya rayu ne muddin akwai mutanen da aka ɗauka musamman don su kula da ruwan.

Kafin dogo ya iso, kuzar da ake haƙowa a tsaunukan Jos a kan mutane take sauka. 'Yan alaro ne ke ɗaukarta ta Keffi har Loko a gaɓar Binuwai, inda jiragen kamfanin Neja ke kwasa zuwa bakin teku. Binuwai kuwa ba ta karɓar babban jirgi sai ta cika, wato 'yan watannin damina, don haka duk cinikin shekara yana rataye ne a kan tashin kogi da saukarsa. Layin Baro zuwa Kano ma, wanda aka gina tsakanin 1907 da 1911, kayan aikinsa ta ruwan Kwara suka hauro, a lokacin da kogin ya yarda. Kawunan jiragen ƙasa na wancan zamani su kansu fasinjojin teku ne kafin su taka dogo: a masana'antun Ingila da Sikotland ake ƙera su, a ɗaure su a cikin jirgin ruwa, su yi makonni suna shan jijjigar Tekun Atalantika kafin a sauke su a Legas ko Fatakwal.

Layin gabas ya tashi daga Fatakwal a 1913, ya isa ma'adinar kwal ta Inugu a 1916, ya dangana da Makurɗi a 1924, sannan a 1927 aka haɗa shi da Kaduna ta Kafanchan, aka kuma fitar da reshe daga nan zuwa Jos. Wannan haɗin ne ya mai da wani fili a ƙasar Fantswam mahaɗar jirage. Sai dai akwai abin da ake yawan tsallakewa. A 1927 ba a yi gadar Makurɗi ba tukuna, sai a 1932 aka buɗe ta. Shekara biyar ke nan duk taragon kwal da zai hau zuwa Jos, da duk taragon kuza da zai gangara daga Kafanchan zuwa Fatakwal, sai an ɗora shi a jirgin fito ya ƙetare Binuwai. A duba yadda aikin yake. Dole dogon da ke kan jirgin fiton ya yi daidai da dogon da ke gaɓa, baki da baki, alhali kogin yana hawa yana sauka da mitoci tsakanin rani da damina. A tura taragu kaɗan kaɗan, a sa musu waigi, a lura kada nauyi ya rinjayi gefe ɗaya, sannan matuƙi ya yanki ruwan da a watan Satumba ke gangarowa da itatuwa da tarkace. Idan ya ce yau ba a fito, to ma'aikacin da ke Kafanchan, mai nisan tafiyar yini daga kogin, shi ma jadawalinsa ya rushe. Tashar da ke tsakiyar tudu tana aiki ne da izinin kogin da ba ta gani.

Gada ta kawar da wannan matsala, amma ba ta kawar da damina ba, kuma a nan ne Kafanchan ta bambanta da sauran tashoshin Arewa. Garin yana zaune a gindin tsaunin Jos ta kudu maso yamma, daidai inda iskar da ke ɗauko danshi daga teku take cin karo da duwatsun Kagoro ta sauke kayanta. Ruwan da ake samu a nan ya fi na Kano nesa ba kusa ba, yana fara sauka tun Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, kuma wanda ya ga yadda ruwan Matsirga ke zubowa a watan Agusta ya san ƙarfin da ake magana a kai. Daga Kafanchan layin ke fara hawa ta Kagoro da Manchok zuwa saman tsauni, hawan da ya kai ɗaruruwan mitoci, a kan siririn dogo mai faɗin ƙafa uku da rabi, layi ɗaya tak. Ruwa ba ya karya ƙarfe, ƙasar da ke ƙarƙashinsa yake sacewa. Kwalbati ɗaya ya toshe da ciyawa da yashi, ruwa ya taru a bayan tudun da aka ɗora dogo a kai, ya jiƙa shi cikin dare, da asuba ƙarfen yana nan a miƙe kamar lafiya lau, ƙarƙashinsa kuwa rami ne. Direban da ke jan taragu cike ba zai iya hango wannan daga nesa ba, in ma ya hango, burki ba zai tsayar da nauyin a kan lokaci ba.

Maganin da hukumar reluwe ta samo a wancan zamani ba inji ba ne, mutane ne. An rarraba layin gunduwa gunduwa, kowace gunduwa da ayarin leburorinta da helumansu, suna zaune a 'yan gidaje a bakin dogo. Aikinsu su bi layin da ƙafa, su ƙwanƙwasa, su ɗaure abin da ya kwance, su yashe magudanai kafin ruwan fari, su cusa tsakuwa inda ta zaizaye. In aka kwana ana marka, akwai mai fita da fitila da jar tuta tun kafin jirgin farko, kuma jar tutar lebura tana tsayar da jirgin da ke ɗauke da dukiyar manyan kamfanoni. A cikin kan jirgi kuma, mai zuba kwal yana fama da jiƙaƙƙen gawayin Inugu don kada tururi ya faɗi a tsakiyar hawa, direba yana sakin yashi a kan dogo don ƙafafun su kama maimakon su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Babu jirgin da ke barin tasha sai direba ya karɓi alamar izini da ke tabbatar da cewa babu wani a gabansa. Duk tsarin an gina shi ne a kan ikon ƙaramin ma'aikaci ya ce a dakata.

Kada a ɗauka ina yi wa zamanin Turawa ado. Yawancin ƙasar da aka tara aka ɗora dogon, da aikin tilas aka tara ta, ta hannun sarakuna da dagatai, kuma ƙauyukan kudancin Zazzau sun biya da guminsu a lokacin da gonakinsu ke jiransu. An shimfiɗa layin ne don kuza ta fita, kwal ya shigo, ba don manomin Zonkwa ba, ko da yake daga baya cittar Kwoi da Kachia ta sami hanya a cikinsa. Garin da ya tsiro ya tara Ibo da Yarbawa da Hausawa da 'yan ƙasa, har Sarkin Jama'a ya baro tsohon mazauninsa ya komo Kafanchan a farkon shekarun 1930. Waɗannan ma'aikata sun san darajar hannunsu. Yajin aikin gama gari na 1945, wanda ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu suka zama ƙashin bayansa, a tsakiyar damina aka yi shi, daga Yuni zuwa Agusta, fiye da kwana 40, kuma gwamnati ta gane cewa dogo ba ya tafiyar da kansa.

Mai ja da wannan magana zai ce ai amfanin jirgin ƙasa shi ne ya 'yanta ciniki daga jiran kogi, kuza ta riƙa fita rani da damina. Haka ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma 'yancin saye aka yi, ana kuma sake biyan kuɗinsa kowace shekara da albashin masu yashe magudanai. Jiran wata shida ya koma jiran awa shida, saboda akwai wanda ya riga jirgi fita. Wani zai kawo hujja mafi nauyi, ya ce mummunan haɗarin da aka fi tunawa a wannan layi, na Langalanga da ke kudu da Kafanchan, wanda ya ci rayuka masu yawa, a watan Fabrairu na 1970 ya auku, tsakiyar rani, babu ko ɗigon ruwa. Wannan gaskiya ce, amma a ganina ta ƙarfafa maganar ne. An yi haɗarin wata ɗaya bayan ƙarewar yaƙin basasa, lokacin da layin gabas ya yi shekaru a yanke, dubban ƙwararrun ma'aikata sun bar Arewa tun 1966, kayan aiki sun sha wuya. Damina mai tsanani da cikakkun ma'aikata ta zo da sauƙi fiye da rani da ma'aikata a warwatse.

Hujja ta uku ita ce wadda aka fi ji a bakin mutane: manyan motoci ne suka kashe reluwe. Lallai titin kwalta ya janye kaya, kuzar ma ta ja baya, kuma rufe ƙaramin layin Zariya zuwa Jos a 1957 ya nuna tun da wuri cewa layin da ba ya biyan kansa ba ya daɗewa. Amma ɗan kasuwa ba ya barin hanya mai araha haka kawai. Yana barinta ne ranar da ya kasa sanin yaushe kayansa za su isa. Da aka fara rage ma'aikata, albashi ya riƙa makara, gidajen bakin dogo suka zama kufai, sai kowace damina ta riƙa cin wani yanki na layin, gyaran da a dā ake yi cikin kwana biyu ya koma jiran kwangila. An kawo ƙwararru daga Indiya sun riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, al'amura suka ɗan farfaɗo, suna tafiya aka koma gidan jiya. Mai citta da ya ga buhunansa sun yi mako a tarago suna shan danshi ba zai sake ba, zai nemi tirela ko da kuɗinta ya ninka.

A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin sabunta layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda dole ya ratsa Kafanchan. Jawaban da ake yi a irin wannan taro kan tsawon kilomita da yawan tashoshi suke tsayawa. Tambayoyin da ya kamata mutanen Jama'a da Kaura da Zangon Kataf su riƙa yi wa wakilansu sun fi wannan ƙanƙanta: kwalbati nawa ne tsakanin Kafanchan da Manchok, wa zai yashe su a watan Maris, a ina zai kwana, daga wane asusu za a biya shi a shekara ta goma bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa, kuma idan ya ɗaga jar tuta a daren marka, akwai dokar da za ta hana wani babba a ofis ya ce a wuce?