Gādon da Ke Cikin Jinin Biri

Kitse ba ya narkewa cikin jini, kamar yadda mai ba ya haɗuwa da ruwa. Saboda haka jiki yakan naɗe shi cikin wasu ƙananan ƙwayoyi masu suna lifofurotin, su ne ke yawo da shi cikin jijiyoyi. A shekarar 1963 wani likita ɗan ƙasar Norwe, Kåre Berg, ya gano wani iri daga cikinsu a birnin Oslo, aka raɗa masa suna Lp(a). Abin da ya ja hankalinsa shi ne, ana gādonsa daga iyaye. Daga baya aka tabbatar cewa yawansa yana ƙara haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya, kuma cima ba ta cika rage shi ko ƙara shi ba.

Sai masu bincike suka ci karo da cikas. Ɓera da zomo, waɗanda aka saba gwaji a kansu, ba su da shi. Biran Kudancin Amurka ma haka. Sai a jinin ɗan Adam da na biran Afirka da Asiya ake samunsa.

Nan ne bika ya yi rana. A San Antonio ta jihar Texas an daɗe ana kiwon bikaye, galibi zuri'ar waɗanda aka kwaso daga Gabashin Afirka, dangin waɗanda ke gandun dajin W. An rubuta asalinsu, uwa da uba da kakanni, abinci kuwa iri ɗaya ake ba su, sharaɗin da ba mai iya gindaya wa mutane. Duk da haka aka ga wani jininsa cike da Lp(a), wani kuwa kusan babu, bambancin yana bin zuri'a. An kuma lura, a biri da mutum duka, cewa mai gādon guntun furotin ya fi mai dogo yawansa a jini.

A 1987 Richard Lawn da abokan aikinsa suka karanta ƙwayar halittar da ke ƙera shi, suka tarar kwafi ce ta filasminojin, mai narkar da gudan jini. Amma ga abin mamaki: bushiya ita ma tana da irinsa. Binciken shekarun 1990 ya nuna ba daga kaka ɗaya suka gāda ba. Ita ta samu nata dabam, daga wani ɓangare na filasminojin ɗin.